Injin Wanke-wanke a Kicin: A Girka Ko A Dakata?

A kicin ɗin sababbin gidajen da ake ginawa a Abuja da Kano da Kaduna, babu kayan da ke jawo ja-in-ja kamar injin wanke-wanke. Firji ya daɗe da samun gindin zama, murhun gas ma haka, injin wankin tufafi kuwa har ya fara shiga kayan ɗakin 'ya'yan masu hali ba tare da an tsaya shawara ba. Amma ranar da kafinta ya zo da tef zai auna kabad, ya tambaya ko a bar gurbi mai faɗin santimita 60 a gefen sinki, sai ra'ayi ya rabu. Wasu su ce zamani ne ya zo, injin yana rage ɓarnar ruwa, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana hutar da uwargida. Wasu su ce almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa, a ƙasar da wuta ba ta zama, famfo ba ya kawo ruwa, tukunyar tuwo kuma ba ta shiga injin. Abin da ya ƙara wa gardamar nauyi shi ne irin injin da ake magana a kai: wanda ake turawa ƙarƙashin kanta, a ɗaure shi da sukurori, a haɗa shi da bututun ruwa da na kwata da wayar wuta, wani lokaci ma a lulluɓe ƙofarsa da katako irin na kabad yadda baƙo ba zai gane shi ba. Wanda ya girka irin wannan ya mai da shi sashe na ginin, fitar da shi kuma sai an taɓa katako da tayil. A ganina kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba ta turuwa, sai dai abin da ke yanke hukunci yana cikin bango da saman tanki. Gidan da ya shirya ruwansa da wutarsa zai ci moriyar injin, wanda bai shirya ba kuwa kuɗinsa kawai zai binne a ƙarƙashin kanta.

Hujjar da masu goyon baya suka fi fara jawowa ita ce ta ruwa, kuma alƙalumansu na gaskiya ne. Injin zamani irin na Turai, idan aka sa shi a tsarin wankin tattali, yana wanke kayan cin abincin mutum 12 zuwa 14 da ruwa kimanin lita 10, domin kaɗan yake ja, ya yi ta juya shi ta hannuwan feshi, yana tacewa yana sake fesawa. A Amurka doka ta ƙayyade tun 2013 cewa sabon inji babba kada ya sha fiye da galan 5, wato kusan lita 19, a wanki ɗaya. A gefe guda kuma ga binciken Jami'ar Bonn ta Jamus, wanda Farfesa Rainer Stamminger ya jagoranta a farkon shekarun 2000. An tara mutum 113 daga ƙasashen Turai bakwai, aka ba kowa kayan cin abincin mutum 12, guda 140, aka ce ya wanke da hannu yadda ya saba a gidansa. Matsakaicin ruwan da suka kashe ya kai lita 103, cikin minti kusan 80. Duk wanda ya ajiye lita 10 kusa da lita 103 zai ce ai magana ta ƙare, musamman a garuruwan da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa.

To amma wa aka auna? Da yawa daga cikin waɗanda suka fi ɓarna a irin wannan gwaji masu sakin famfo ne yana zuba tun daga farantin farko har na ƙarshe, kuma ruwan zafi ne. Wanke-wanken da aka gada a gidajen Hausawa ba haka yake ba. Baho biyu ake ajiyewa, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, a fara da kofuna da cokula, a bi da faranti, a ƙare da tukwane, ruwan ɗaurayar kuma a jiƙa tukunyar dare da shi ko a yayyafa tsakar gida. Macen da ta san kuɗin jarka mai lita 25 ba ta sakin ruwa haka kawai. Wani bincike da Jami'ar Michigan ta fitar a 2020 ya kai ga wannan wuri ta wata hanya: ya gano cewa injin ya fi mai sakin famfo tattali nesa ba kusa ba, amma mai wanki da mazubi biyu ya fi injin ma rage hayaƙin da ke gurɓata yanayi. Ke nan rarar ruwan da ake tallata injin da ita ta Bature mai sakin famfo ce. A gidan baho biyu ratar ba ta wuce bokiti ɗaya ko biyu ba, kuma akwai ƙarin sharaɗi: injin da aka girka a ƙarƙashin kanta ba a ɗura masa ruwa daga jarka, sai dai ta bututu. Gidan da ya fi kowa buƙatar tattalin ruwa shi ne wanda injin ba zai yi aiki a cikinsa ba.

Tarihin injin kansa yana goyon bayan masu cewa a yi hattara. Josephine Cochrane, wata mata daga garin Shelbyville na jihar Illinois, ta yi rajistar ƙirƙirarta a watan Disamba na 1886, bayan ta gaji da yadda masu aiki ke gutsure mata tangaran na gado. Injinta ya samu lambar yabo a babban baje kolin Chicago na 1893, amma masu sayensa otal-otal ne da gidajen abinci, saboda tsadarsa da kuma yadda gidajen wancan zamani ba su da isasshen ruwan zafi. Kamfanin Miele ya ƙera na lantarki a Jamus a 1929, bai samu kasuwa ba. KitchenAid, wanda ya gaji aikin Cochrane, ya fito da na gida a 1949, duk da haka sai wajen shekarun 1970 injin ya zama ruwan dare a gidajen Amurka da Yammacin Turai. Shekara tamanin da wani abu ke nan injin yana nan a ƙere, yana jiran famfo da lantarki su zauna da gindinsu a gidajen talakawan can. Yau sama da gida bakwai cikin goma a Jamus suna da shi, a Ingila kuwa kusan rabi. Ba wayewa ce ta ƙaru a tsakani ba, ruwa da wuta ne suka shiga bango.

Ga yadda abin yake a aikace. Littafin da ke zuwa da injinan Bosch, alal misali, yana neman ƙarfin ruwa daga rabin ma'aunin bar zuwa bar 10. Bar ɗaya shi ne nauyin ruwan da ya taso daga tsawon mita 10. Galibin gidajenmu daga tankin roba suke sha, wanda aka ɗora a kan ƙarfe ko rufin ɗaki. Idan saman ruwan tankin bai wuce mita 3 ko 4 daga bakin bututun kicin ba, ƙarfin bai kai rabin bar ba, kuma yana ƙara raguwa yayin da tankin ke yin ƙasa. Injin yana da ƙayyadadden lokacin da yake jiran ruwa ya cika, idan bai cika ba sai ya tsaya ya nuna alamar matsala, a yi ta zagin kamfani alhali laifin na tanki ne. Gidan bene mai tanki a can sama da kicin a ƙasa yakan tsira, gidan ƙasa kuwa sai an ƙara ƙaramin injin tura ruwa, shi ma wuta yake ci. Sai batun irin ruwan. Na rijiyar burtsatse yakan zo da yashi da laka, waɗanda ke toshe ragar bakin tiyo da ƙananan hudojin feshi, don haka sai an sa matata a gaba. Inda ruwan ke da zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa kuma yake barin farin ɓawo a gindin butar shayi, injinan Turai suna da mazubin gishiri na musamman da ke laushe shi. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa, wanda ya yi sakaci kuma zai ga kofunansa na gilashi sun yi fari-fari, ƙarfen ɗumama ruwan ya kama ɓawo.

A kan wuta kuwa, kowane ɓangare rabin labari yake faɗa. Masu goyon baya sun yi gaskiya da suka ce injin ba ya cin kuɗin mita yadda ake zato. Wanki ɗaya a tsarin tattali ba ya kai yunit guda. Ko a rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, wanda hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024 kafin ya ɗan sauko, lissafin wanki ɗaya a kan wancan farashi yana wajen naira 200 ne, ƙasa da abin da na'urar sanyaya ɗaki ke ci cikin awa guda. Masu adawa su ma sun yi gaskiya, don abin dubawa shi ne yadda yake jan wutar. Injin Turai shi ke ɗumama ruwansa, kuma a lokacin yakan ja wat 2,000 zuwa 2,400, kusan amfiya 10 a kan wutarmu mai bolt 230. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar fitilu da fanka da talabijin ba zai ko motsa shi ba. Tsarin tattalin kuma awa uku zuwa huɗu yake ɗauka, saboda da jiƙo mai tsawo yake rama ƙarancin ruwa da zafi. 'Yan rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, su suna iya lissafi. Wanda wutarsa ke zuwa tsakar dare ta tafi kafin asuba, ko ta zo ƙasa-ƙasa fitila na ja kamar garwashi, zai riƙa buɗe ƙofa ya tarar da kwanuka cikin ruwan maiƙo mai sanyi, ga haɗarin ƙonewar allon da ke sarrafa injin, wanda yana cikin sassa mafi tsada. Akwai kuma tarkon kayan hannu: injin da aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, kuma an tsara shi ne a kan gidan da ke ba shi ruwan zafi daga bututu. Arahar irin wannan a kasuwa ba ta da amfani ga kicin ɗinmu.

Masu goyon baya za su ce duk waɗannan suna da magani, kuma haka ne. Gidan da ya kafa sola mai inbata babba zai iya saita injin ya tashi da tsakar rana, lokacin da faifan ke ba da wuta fiye da buƙata, ba tare da an taɓa batir ba. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki cikin ranar Kano ya riga ya yi ɗumi, ya fi ruwan sanyi mai digiri 15 da ake gwada injinan da shi a Turai, don haka aikin ɗumamawa ya ragu. Injin tura ruwa, matata, sitabilaiza, duk akwai su a kasuwa. Wannan amsa ta karɓu, sai dai ta tona abin da mai talla ba ya faɗa: farashin da ke manne a jikin injin a shago ba shi ne kuɗinsa ba. Sai an haɗa da na waɗannan kayan, da na mai famfo da mai wayarin da kafinta, da sabulunsa na musamman da gishirinsa da ruwan ƙyalli, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Ba a zuba masa omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, kumfa zai cika shi ya malalo ƙasa. Duk ranar da ƙwayar sabulun ta yanke a shago, injin ya tafi hutu.

Hujjar masu adawa da ta fi ƙarfi, a ganina, tana cikin kwandon wanke-wanken kansa. Idan kamfani ya ce injinsa na ɗaukar kayan mutum 13, da teburin Bature ya auna: kowa da farantin abinci, da na miya, da na kayan zaƙi, da kofin gilashi, da kofin shayi da mazauninsa, da wuƙa da cokula. Kayan lebur ne sirara da ke jeruwa a tsaye. A leƙa bayan kicin ɗin gida mai mutum goma a Zariya bayan cin tuwon dare. Ga tukunyar alminiyam mai faɗin da za ta cinye kwandon ƙasa ita kaɗai, da ƙanzo manne a gindinta wanda sai an jiƙa an kankare. Ga muciya da ludayin katako, ga kuloli uku ko huɗu na roba da aka kai wa maigida da baƙi, ga tire babba da yara suka haɗu a kai, ga ƙwaryar fura a gidan da har yanzu ake damawa a cikinta. Sabulun injin mai kaifi ne, yana dusashe alminiyam ya mai da shi baƙi-baƙi. Katako da ƙwarya suna tsagewa da zafi da dogon jiƙo. Kula mai rufi biyu tana shan ruwa ta ɗinkinta, robar da ba a yi ta don zafi ba kuma tana lanƙwashewa. Abin da ya fi wahala a wanke-wankenmu, wato tukwane, shi ne abin da injin ba ya karɓa, abin da yake karɓa kuma shi ne mai sauƙin wankewa da hannu.

Ba za a bar wannan hujja ta tafi ba amsa ba, domin kicin ɗin da ake girka injin a cikinsa ba na babban gida ba ne. Yawanci na ma'aurata ne ma'aikata masu 'ya'ya uku ko huɗu, masu ci a farantin tangaran da kofin gilashi, masu girki a tukunyar ƙarfe marar tsatsa a kan gas. Waɗannan kaya duk injin yana wanke su tas, kuma maiƙon miyar taushe da man ja, wanda ke sa a canza ruwan baho sau biyu, shi ne abin da ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 70 ya fi iyawa. Indiya ta nuna cewa girkin mai da yaji ba ya hana injin shiga gida: Bosch ya saka wa injinansa na can tsari na musamman don kaskon suyarsu da ake kira kadhai, kuma cinikin injinan ya tashi a 2020 lokacin da kullen korona ya hana masu aiki zuwa gidaje. Ko da tukunya biyu ta rage a wanke da hannu, an sauke kashi mafi yawa na tarin. Batun tsafta ma yana nan. Hannun mutum ba ya jure ruwan da ya wuce digiri 45 ko kusa da haka, yawancinmu ma da ruwan sanyi muke wankewa, da soson da ya kwana a jiƙe. A gidan da ke da jariri mai shan madara a kwalba ko mara lafiya, zafin injin riba ce ta gaske. Sai dai tsaftar tana da sharaɗi: a riƙa ciro matatar gindinsa ana wankewa, in ba haka ba ɗumi da danshi da guntun abinci za su mai da bayan kabad ɗin masaukin kyankyaso, ɓera kuma ba ya raina tiyon roba.

Idan aka tace duka, hujjar da ta rage wa injin tsaye da ƙafarta ita ce lokaci, kuma ita ce aka fi jin nauyin faɗa, saboda lokacin mace ne. Wanke-wanke aiki ne da ba ya ƙarewa: na safe, na rana, na dare, ga na azumi da ake yi bayan an sha ruwa jiki ya mutu, a kuma tashi da na sahur. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta dawo gida da yamma ta ɗora tukunya, awa gudan da za ta tsaya a bakin sinki daga barcinta ake cire shi ko daga zaman duba karatun yara. Jera kaya a inji da kwashe su ba ya wuce 'yan mintoci. Masu adawa sukan ce ai da kuɗin injin za a biya 'yar aiki shekaru, kuma a lissafin naira sun yi daidai. Amma ya kamata a tambayi dalilin arahar. Sau da yawa yarinya ce 'yar shekara goma sha kaɗan da aka kawo daga ƙauye, ladanta yana tafiya hannun wadda ta kawo ta da iyayenta, ita kuma tana bakin baho a lokacin da sa'o'inta ke aji. Arahar da aka gina a kan wannan ba abin alfahari ba ce. Ba kuma zan ce injin ne zai mayar da ita makaranta ba, don gidan da ya sallame ta ya yanke wa iyayenta ɗan abin da suke samu, ita kuma ta koma wani gidan ko ta ɗauki tallan goro. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, wanda ke kafa hujja da arahar 'yar aiki ya san a kan wa nauyin yake sauka.

Akwai masu tsoron lalacewar tarbiyya, wai 'ya mace za ta tashi ba ta iya wanke kwano ba. Wannan tsoro an yi shi lokacin da injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, kuma ba a ga gidajen da suka rushe saboda an daina niƙa da hannu ba. Tukwane suna nan suna jiran duk wanda ake so ya koya, har da 'ya'ya maza. Abin da ya fi wannan cancantar tsoro shi ne a girka injin a bar shi. Hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta gano cewa a 2015, cikin gidaje kusan miliyan 80 masu injin, kimanin miliyan 16 ba su kunna shi ba. Wato ɗaya cikin biyar, a ƙasar da ba kasafai wuta da ruwa ke yankewa ba. Gida mai mutum biyu sai ya kwana biyu bai cika shi ba, kwanukan su bushe su yi wari, a ƙarshe a ga gara a wanke da hannu. Ga mai saye don a gani a yaba, wannan adadi gargaɗi ne.

Shi aikin girkawar ba wuya gare shi ba idan an yi shi a kan lokaci, kuma a nan ne ɓangarorin biyu za su iya haɗuwa. Gurbi ake bari mai faɗin santimita 60, ko 45 ga siririn inji, tsawo kimanin 82 daga daɓe zuwa ƙarƙashin kanta, dab da sinki don tiyo ya kai. A fitar da bakin ruwa mai makunninsa daban a cikin kabad ɗin sinki, inda hannu zai kai idan tiyo ya fashe. Tiyon fitar da ruwa a ɗaga shi sama har ƙarƙashin kanta kafin ya sauko ya shiga bututun sinki, don kada ruwan kwata ya komo cikin kwanuka. Soket mai amfiya 13 a ja masa waya mai kauri tasa ta kansa daga akwatin wuta, a sa shi a kabad na gefe maimakon bayan injin, da wayar ƙasa ta gaske da makatsin da ke yanke wuta idan ta zubo, domin akwati ne na ƙarfe mai ruwa da lantarki a ciki, mai taɓa shi kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarta. Tayil ya shiga har cikin gurbin: masu shimfiɗa tayil bayan an girka inji sukan kulle shi a rami, ranar gyara sai an fasa. Ƙarƙashin kanta na katakon dusa yana buƙatar shafi ko faranti mai tare tururi, in ba haka ba ya kumbura. A daidaita ƙafafun injin, a ɗaure shi ta sama ko ta gefe don kada ya rinjayo idan an jawo kwando cike. Duk wannan, a lokacin gini, kuɗin 'yan mitocin bututu da waya ne. Bayan an gama kicin kuwa sai fasa bango, yanke kabad, neman tayil mai kala irin na da. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan haya kam bai kamata ma ya shiga wannan ba, don zai gyara gidan wani ne da kuɗinsa, ranar tashi kuma a ce ya mayar da kabad yadda ya same shi.

Saura mai gyara. Injin wankin tufafi ya yaɗu har masu gyaransa sun samu a kowane babban gari, na wanke-wanke kuwa bai kai nan ba. Famfon fitar da ruwa, bawul ɗin shiga, robar bakin ƙofa, duk abubuwa ne da ke lalacewa da shekaru, kuma kowane kamfani da nasa. Kafin a biya kuɗi ya dace a tambayi mai shago wa zai zo gida idan ya tsaya, kuma ina ake samun kayansa a garin.

Hukuncina dai shi ne a raba shawarar gida biyu. Gurbi da bututu da soket, duk mai gina sabon kicin ya bar su, ko da bai da niyyar sayen inji yanzu: a sa ƙofa a wurin, ya zama ma'ajiyar bokiti har ranar da hali ya yi. Shi injin kuwa kada a saya sai gida ya cika sharuɗɗa uku: ruwa tatacce mai ƙarfin da ya kai rabin bar a bakin bututun kicin, wutar da za ta ɗauki wat 2,400 ta kuma tsaya awa uku zuwa huɗu a jere, da iyalin da ke tara tangaran da gilashi da ƙarfe marar tsatsa da za su cika shi kullum. Inda ukun suka haɗu, masu cewa almubazzaranci ne ba su da hujja, uwargida ta cancanci awarta. Inda ɗaya ya ɓace, kuɗin ya fi amfani a ɗaga tanki ko a ƙara faifan sola. Maigida, kafin ka tafi shago, ka sa a auna tsawon da ke tsakanin ruwan tankinka da famfon kicin. Idan bai kai mita 5 ba, ka fara da wannan.